Abin da Ya Sa Ban Fito Rakiyarka Ba

Zuwa ga yayan Ladi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka lafiya kai da tsoho Baba Jatau. Ina gajiyar hanya? Yaya baƙunta? Ubangiji da ya raka ku ya tsare ka a kwance, ya tsare ka a tsaye, ya sa hannun masu magani ya zama mai sanyi a jikinka. Ladi tana gaishe ka. Goggo Hajara matar liman tana gaishe ka, ta ce kullum tana sa ka a addu'a.

Malam Ishaya mai koya mana karatu shi ya ba ni takarda da fensir, shi ne kuma zai damƙa ta ga masu jakai da ke bin hanyar Kano su miƙo maka a asibitin kutaren. Ya ce in faɗa ya rubuta, na ce a'a, wannan magana ba ta bi ta bakin wani. Ka yi haƙuri da hannuna. Da girma na koya, baƙaƙen nan har yau watse mini suke kamar 'yan tsaki.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Gero ya fitar da kai, akuya ta haihu, shi ke nan. Abin da ya zaunar da ni shi ne maganar da Ladi ta kawo mini ranar da kuka tashi. Ta ce da kuka kai gindin kuka ka waiwaya ka dubi ƙofar gida, ka ce, "Yaya ba ta fito ba. Ta yi daidai. Ki ce mata kada ta matso inda nake." Tun da ta faɗa mini ban ƙara sanin ɗanɗanon tuwo ba. Ashe abin da ka tafi da shi a ranka ke nan, wai ƙyamarka nake saboda tabon da aka gani a bayanka. Ina bayan rumbu. Ina tsaye ina leƙenku ta tsakanin rumbu da danga har jakin ya shige bayan duwatsu. Ba ƙyama ba ce ta riƙe mini ƙafa. Bari in faɗa maka abin da ya riƙe ta.

Kai ne ɗan farina, ka kuma san yadda ake yi a wurinmu. Ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kallonsa, ba a yi masa wasa. Ina ba ka nono ina kallon bango. Ana yaye ka kakarka ta ɗauke ka, ka tashi kana ce mini Yaya yadda ka ji ƙannena suna faɗa. Akwai ranar da kana koyon tafiya ka faɗa gefen murhu. Ina nan kusa, hannuna zai kai gare ka, amma mata suna zaune. Na ƙi motsi. Sai da kakarka ta taso daga ɗaki da ƙafarta mai ciwo ta ɗaga ka. Mata suka ce, kai, wance akwai kunya. Na kuwa ji daɗin yabon, har na kwana da shi. An ce tabon ƙunar yana nan a gwiwar hannunka ta hagu. An ce. Ni ban taɓa dubawa ba.

Ladi ko ƙuruji ɗaya ne ya fito mata a bayan kunne, kafin ya nuna na gan shi. Kai kuwa da ka fara sa taguwa kana shiga gona da ita, rana tana dukan kowa, samari duk daga su sai warki, na ce a raina girman kai ne ya kama shi, ya iya karatu yana jin ya fi ƙarfin warki. Har na faɗa wa Ladi haka muka yi dariya. Ashe ɓoye baya kake.

Goggo Hajara ce ta shigo ina sussuka, ta tsaya ba ta ko zauna ba, ta ce, "Uwar Ladi, kin duba bayan yaron nan kuwa?"

Na ce, "Wane yaro?"

Ta ce, "Wanda ba kya faɗa. Na gan shi a rijiya ya cire riga."

Na ce, "Goggo, ni ina ni ina kallon bayansa?"

Ta ce, "To ki ajiye kunyar nan ta huta yau. Ni ma ina da ɗan fari, na san zafinta. Amma abin da na gani ba makero ba ne."

Taɓarya ta suɓuce mini. Matar wani gida, mai wani addini, ita ta ga ciwon ɗana kafin ni da nake tuƙa masa tuwo. Wannan kuskurena ne, kuma ba na so ka gaje shi. In Allah ya tashe ka ya ba ka iyali, ka dubi ɗanka na fari. Ka juya shi, ka duba bayansa, ka duba tafin ƙafarsa. Masu cewa ba ka da kunya su yi ta faɗa, ba su za su kwana da kai ba ranar da abu ya faru.

Ka tuna ban ce maka komai ba a ranar, don ban san yadda ake fara magana da kai ba. Washegari da rana ta take, na ga ka ɗauki akushinka ka nufi gona, sai na bi ka daga nesa. Da ma na daɗe ina mita cewa cinka ya yi yawa, hatsina yana ƙarewa da wuri, ina cewa wannan yaro ciki biyu gare shi. Ba ka tsaya a gona ba. Ka bi ta cikin dabinai ka hau wajen duwatsu, har bukkar da 'ya'yan Baba Jatau suka yi masa da ciwon ya ci yatsunsa.

Baba Jatau fa. Wan babanku. Mutumin da ya fitar da mu daga gandu ana shirin shuka, don babanku ya ce ya bi Yesu, ba zai ƙara ba da jan zakaran da ake yanka wa iskokin gida ba. Ya liƙe rumbu a gabanmu. Ba don liman ya ara mana gona ba, da ban san me za mu ci ba a shekarar. Baba Jatau ɗin ne ya kama ka da takardar karatu ya zane ka da tsumagiya har ka kasa kwanciya rigingine. Da babanku ya rasu, shi ya hana a haƙa masa a wajen kakanninsa. Wannan mutumin na tarar kana zaune gabansa, gwiwa da gwiwa, akushi ɗaya a tsakaninku, hannunka a ciki, dungulmin hannunsa a ciki. Ga kaskon da 'ya'yansa suke ajiye masa abinci can a kan dutse, ƙuda ya rufe shi.

Ban san na yi ƙara ba sai da ya ɗaga kai ya ce, "Wa nake ji? Matar ƙanena ce, mai Littafi? Kin zo ki ga ko na mutu? Sai ki dawo gobe. Kuma tun da kin zo, miyarki ba gishiri. Shekara da shekaru ina faɗa wa wannan sakaran ya gaya miki."

Shekara da shekaru. Tuwona. Na tsaya kamar an dasa ni.

Ka taso ka same ni a gindin dabino, ka tsaya nesa kaɗan, ka ce, "Yaya, in an ajiye masa a kan dutse ba ya ci. Ya ce shi ba kare ba ne. In na sa hannu sai ya sa."

Na ce, ina kallon ƙasa, "An manta abin da ya yi mana ke nan?"

Ka ce, "Ban manta ba. Bayana ma bai manta ba. To amma ni da Ubangiji ya karɓe ni, me na kai masa?"

Ni na riga ka shiga ruwan baftisma, ni nake zama gaba a ɗakin sujada, ni nake jan waƙa, amma ashe ban san abin da nake rerawa ba, kai da ba ka cika buɗe baki ba kana can kana yin sa da hannu.

Ga kuskurena na biyu, kuma a gabanka na yi shi. Ranar da aka ce kuturta ta kama Baba Jatau, ka tuna na yanka kaza ba baƙo ba biki? Na ce Allah ya rama mana. Na faɗa da bakina, kana zaune a ƙofar zaure kana gyaran fartanya, ba ka ci kazar ba. Na zauna da wannan magana shekaru, tana yi mini daɗi kamar ɗumin wuta. To da Malam Ishaya ya kai ka wurin mai duba ciwo, ya shafa maka auduga a tabon ka ce ba ka ji ba, maganar ta dawo ta same ni. In ciwon Baba Jatau hukunci ne, naka fa? Me ka yi? Na juya ta ta kowane gefe, ba ta zauna ba. Dole ɗaya, ko in ce Allah ya hukunta ka don ka ciyar da mayunwaci, ko in yarda cewa tun farko ƙarya na yi wa Allah, na ɗauki haushina na sa masa a baki. Ƙarya na yi masa.

Saboda haka ka ji ni da kyau. A can za ka zauna cikin mutane da yawa masu ciwon nan, wasu za su ce maka sammu ne, wasu su ce alhaki ne, wata rana kai ma zuciyarka za ta ce maka ko wani laifi ka yi. Kada ka saurare ta. Kuma kada ka dubi na kusa da kai ka ce wannan me ya yi. Malam ya ce ko masu maganin ba sa iya rantsewa daga ina mutum ya ɗauka. Ni dai na san inda hannunka ya shiga, kuma na daina jin haushin wurin.

Na ukun shi ya fi ba ni kunya, amma gara ka ji daga gare ni kafin Ladi ta ba ka shi da dariya. Bayan kun tafi na ɗaura wa jar akuyata igiya na ja ta har gidan Malam Ishaya. Na same shi yana saƙar igiya a inuwa. Na ce, "Malam, ga ta. A yanka wa Yesu ya cire wa yaron nan abin nan."

Ya dube ni, ya dubi akuya, ya ce, "Uwar Ladi, wa ya ce miki ja yake so?"

Na ce, "To in fara yake so a faɗa mini in nemo. Na bar dafa giya saboda shi, ni da ake zuwa daga Jahun shan tawa. Na bar gandu, na bar dangi, ina share masa ɗaki duk Asabar. Abin da zai saka mini da shi ke nan?"

Ka ga irin tunanin? Yadda muka saba da iskoki a gidan ubana, wannan a ba shi baƙin bunsuru ya ba da ruwa, waccan a ba ta farar tunkiya ta tsare gona, ka ba su su ba ka, in ka hana su su kama ka. Ashe suna kawai na sauya, ciniki yana nan yadda yake. Duk shekarun nan ina ganin Yesu ya ci nawa, saura in ci nasa.

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Mai da akuyarki, tana da ciki ma. An riga an yi yankan, kuma ba ke kika kawo abin yankan ba. Zauna."

Na zauna. Sai ya ba ni labarin ranar da aka yi wa Yesu baftisma a kogi. Na sha jin sa, amma kullum ina jin sa ne ina tunanin abin da zan dafa. Ya ce da ya fito daga ruwa, Uban ya yi magana daga sama, ya nuna shi, ya ce nasa ne, yana ƙaunarsa, yana jin daɗinsa.

Na ce, "A gaban mutane?"

Ya ce, "A gaban duk wanda ke bakin kogin."

Na ce, "Ɗan farinsa?"

Ya ce, "Shi kaɗai gare shi."

Na ce, "Bai ji kunya ba?"

Malam ya ce, "Kunyar wa zai ji?" Ya ci gaba da saƙarsa, can ya ce, "Kuma shi ɗin ne ya bayar aka kafa a kan gicciye."

Ban san yadda na iso gida ba, akuyar ce ta ja ni. Ni a da, in aka ce Allah ya ba da Ɗansa, ba na jin wani nauyi, don ni ma na ba da nawa. Na miƙa ka ga kakarka ina kallon gefe, kowace mace ta yi haka, ba wani abu ba ne. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Shi ya dube shi, ya kira shi a fili, ya faɗa wa duniya cewa ransa ne, sannan ya buɗe hannu. Kuma saboda wa? Saboda irin su Baba Jatau. Saboda irin matar da ta yanka kaza don wan mijinta ya kuturce. Ba mu roƙa ba, ba mu kai ko ƙwaryar gero ba, muna cikin zaginsa ya sa hannu a akushinmu. Wannan abu ya fi ƙarfin kaina. Ina daka in tsaya, ina ɗiban ruwa in tsaya. Alherin da nake ta faɗa a waƙa ashe abin tsoro ne, don ba ya barin mutum da abin da zai yi taƙama da shi, ko tsinke.

To kai ma kada ka yi ciniki da shi. Kada ka ce na ciyar da tsoho, dole a warkar da ni. Ina roƙon warkewarka safe da yamma, zan kuma yi ta roƙo har ya gaji da muryata, amma roƙo nake, na daina kai akuya. In ya warkar da kai, alheri ne. In ya jinkirta, bai saki hannunka ba. Ban iya bayyana wannan da kyau ba, ni ma jiya-jiya na fara koyo.

Kada kuma ka jira godiya daga Baba Jatau. Na ji yadda ya yi da ka ce ba za ka tafi asibiti ka bar shi ba, wai ya ce ka ɗora shi a jaki kamar buhun gyaɗa za ka kai wa Nasara su auna. Har kuka ɓace Ladi ta ce yana zagin jakin, yana zaginka, yana zagin hanya. Wataƙila haka zai yi ta yi har ya koma. Kada ka matsa masa da wa'azi don ya biya ka tuwonka da tuba, wannan ma ciniki ne. In ya tambaya ka faɗa masa. In bai tambaya ba, ka wanke masa ƙafa ka yi shiru. Ka ce masa na ji maganar gishiri. Ga shi nan na ƙulla a tsumma, nasa ne, da daddawa da kuka. Ka ce matar ƙanensa tana gaishe shi. Na daɗe ina kallon wannan layin kafin in rubuta shi, amma na rubuta.

Sai kuma jikinka. An ce allurar man nan da suke yi tana da zafi, kada ka guje mata. Malam ya ce inda ciwon ya taɓa ba ya jin wuta, ba ya jin ƙaya, saboda haka kada ka ɗauki tukunya da hannu tsirara, kada ka zauna dab da murhu, kada ka yi tafiya ba takalmi. Duk yamma kafin rana ta faɗi ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu. Bayanka kuwa da ba ka iya gani, ka sami wani ya duba maka, kada ka ji nauyi. Na san halinka, ka iya yi wa mutane, ba ka iya bari a yi maka ba. Wurina ka gado. Ka koyi miƙa hannu ka karɓa. Ba kai ne Mai Ceto ba, yaro ne kai mai ciwo a baya, ka bar wasu su ma su sami abin yi.

Dabinon da ke cikin jakar da na aiko maka na bishiyar bayan gidan liman ne, Goggo Hajara ta aiko. Taguwar ni na ɗinka, in ta yi maka yawa ka yi haƙuri, da ka na auna, ban san faɗin kafaɗarka ba.

In an gama yankan gero zan zo. Na riga na gaya wa Malam, zan bi masu jakai. Kada ka aiko cewa in zauna, ba zan ji ba. In na zo ba a bakin danga zan tsaya ba. Za ka cire riga in ga tabon da idona, in ga na murhun ma. In masu maganin sun hana mu akushi ɗaya, zan bi dokarsu, amma tabarma ɗaya za mu zauna, kuma fuskarka zan kalla.

Ubangiji Yesu ya tsare ka daga zazzaɓi da maciji da baƙin ciki. Ya ba ka barci mai daɗi a baƙon wuri. Ya sassauta wa tsohon. Ya tsare hanyar da ke tsakaninmu har in taka ta in same ka lafiya. Amin.

Saura abu ɗaya. Ranar da aka haife ka ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kakarka ta leƙa waje ta dawo ta raɗa maka suna. Ina kwance na ji, na maimaita shi a cikina, daga nan bai ƙara hawa harshena ba. Ɗazu kafin in zauna rubutun nan na tsaya a tsakar gida da rana tsaka na faɗe shi da ƙarfi, don in gwada ko bakina zai iya. Ladi ta saki ƙwarya. Goggo Hajara ta leƙo ta kan danga ta ce, "Wa ya dawo?" Na ce ba kowa, ɗana nake kira.

Anaruwa. Anaruwa, ɗana, ina ƙaunarka, ina jin daɗinka, kuma duk wanda ya leƙa takardar nan ya ji.

Ni ce uwarka.